Asabar: Da Za a Yi wa Pessima Jikin Wagon

Yau ban fita ko'ina ba in ban da masallaci, kuma galibin wunin ya tafi ne a kan mota guda, wato Ibishu Pessima ta 1996 da ke cikin wasan tuƙi na BeamNG.drive. Da na ga wuta ta zauna bayan karin kumallo, sai na kunna kwamfuta na ɗauke ta a taswirar East Coast USA, inda hanyoyin karkara suke cike da kwana da hawa da gangara, na yi ta zagaye da ita ba tare da neman tsere da kowa ba. Salun ce mai ƙofa huɗu, tayoyin gaba ne ke janta, ana samunta da inji mai silinda huɗu ko kuma V6 mai lita 2.7, kuma an kasa ta aji-aji, daga DX mai sauƙin kaya zuwa LX mai ɗan ƙawa. Babu abin da ke ɗaukar ido a jikinta, kuma saboda haka ne nake sonta, domin irin motar da ma'aikaci yake saya ce ya kai yara makaranta ya wuce ofis. Abin da ya tsaya mini a rai tun safe shi ne, a sigar wasan da ke hannuna jiki ɗaya tak gare ta, alhali kuwa duk wanda ya kalli tsayinta ya san akwai wagon a ɓoye cikinta.

Wannan fata nawa yana da madogara a cikin wasan kansa. ETK 800 tana zuwa a salun da wagon, Bruckell LeGran ta daɗe tana salun kaɗai kafin a ƙara mata jikin wagon daga baya, sannan Cherrier Vivace da Tograc ginshiƙi ɗaya ne aka ɗora musu jiki biyu daban. Motocin Japan na gaske da Pessima ta yi kama da su ma haka suka yi a shekarun 1990. Honda ta fitar da Accord wagon a 1991, Toyota Camry ta 1992 zuwa 1996 kuwa tana da wagon da aka fi tunawa da ita saboda waifa biyu da ke gilashinta na baya, har akwai wadda ake sa wa ƙaramar kujera ta uku mai fuskantar baya, kuma a 1994 aka ƙara mata jiki mai ƙofa biyu. Idan masu ƙera wasan suna son Pessima ta zama cikakkiyar 'yar zamaninta, wagon ne giɓin da ya fi fitowa fili.

Na san aikin ba ƙarami ba ne, kuma wahalarsa ce ta sa nake ganin ya cancanci a yi shi. Kamfanin da ke yin wasan yana birnin Bremen na ƙasar Jamus, ya fara sakinsa a 2013, ya kai shi Steam a 2015, kuma abin da ya bambanta shi da sauran wasannin tuƙi shi ne yadda ake gina kowace mota daga ɗigogi masu nauyi da sandunan da ke haɗa su, waɗanda kwamfuta ke lissafa miƙewarsu da lanƙwasarsu sau 2000 a kowace daƙiƙa. Fentin da muke gani riga ce kawai da aka lulluɓa wa wannan ƙwarangwal. Saboda haka duk wanda zai mayar da salun wagon dole ne ya ja rufin zuwa baya da ɗigoginsa, ya kafa ƙarin ginshiƙi a kowane gefe, ya rataya babbar ƙofar baya da za ta iya buɗewa ko ta ɓalle idan an buge ta, sannan ya cire ƙarfen da ke bayan kujerar baya, wanda a salun yake taimakawa wajen hana jikin mota murɗewa. Nauyi zai ƙaru, zai koma baya, zai kuma ɗan hau sama. Motar da za ta fito daga wannan aikin ba za ta shiga kwana yadda salun take shiga ba, kuma idan aka daki bayanta ba za ta lotsa iri ɗaya ba. Na taɓa sauke wasu jikuna da masu sha'awa suka ƙera da kansu, wasunsu aiki ne mai kyau ƙwarai, amma a wasu an ja rigar ne kawai ba a taɓa ƙwarangwal ba, kuma da zarar motar ta kife sai ka ga rufin baya ya nutse cikin kwalta bai ko lanƙwashe ba.

Bayan la'asar Kawu ya shigo gaida mahaifiyata, ya same ni a falo da sitiyarin wasan a gabana. Ya yi shekaru yana jan Peugeot 504 wagon tsakanin Kano da Jos, ɗaya daga cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kuma har yau idan mota ta wuce yakan gane lafiyar shakazobanta daga ƙararta. Na gaishe shi, na matsa masa kujera, na gaya masa abin da nake tunani. Ya daɗe yana kallon motar a allo kafin ya yi magana.

"Ɗana, wagon ba salun ba ce da aka ja wa rufi," in ji shi. "Tawa ta fi salun tsawo tsakanin taya da taya, aksul ɗin bayanta guda ne miƙaƙƙe, kuma sifirin biyu ne a kowane gefe, don an san kujera layi uku za ta ɗauka da kayan fasinja. Ita wannan taka ka taɓa yi mata lodi?"

Na ce masa, "A'a, Kawu, ni kaɗai nake hawa."

"To ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ɗora mata kaya mu gani."

Na shiga wurin sauya kayan mota na sa mata kariyar ɗora kaya a saman rufi da lodi mai nauyi, na bar sifirin nata na asali yadda suke. Muna fara hawan wani tudu mai tsakuwa sai ga abin da yake nufi ya fito ƙarara: jikin ya zauna a kan tayoyi, tayoyin gaba sun fara karce ƙasa suna watso tsakuwa, kuma a kwanar da ke saman tudun motar ta jingina gefe guda ta ƙi bin inda na karya sitiyari sai da na ɗaga ƙafa daga totur. Kawu ya nuna allon da yatsa ya ce idan da a baya nauyin ya taru, kamar yadda yake taruwa a wagon, da abin ya fi haka muni, domin 504 tayoyin baya ne ke tura ta, lodi yana ƙara mata riƙo ne, amma mota mai jan gaba lodin baya ɗage mata hanci yake yi, sitiyari ya yi sakayau, fitilu su koma haska sama. Ya ce direbobin Golf wagon na tasha a yau da wannan suke fama. Wannan magana ta ƙara mini yaƙini cewa Pessima wagon za ta koya wa mai wasa abin da babu wata motar tsere da za ta koya masa.

Da ya tafi na zauna da takarda ina tsara azuzuwan da nake ganin sun dace. Wadda na fi ɗoki ita ce ta ƙasa, DX wagon mai ƙaramin inji da giyar hannu mai biyar, baƙar bamba da ba a yi wa fenti ba, wilin ƙarfe babu murfi, da gilashin da ake murzawa da hannu. A kanta za a gina ta haya, mai kariya a sama, sifirin baya masu tauri, tayoyi masu jure nauyi, da kujera ta uku. Wannan ajin zai yi daɗin tuƙi ta fuska biyu, domin idan babu kaya bayanta zai riƙa tsalle a gargada saboda taurin sifirin, idan kuma an cika ta sai ta kwanta ta natsu amma birki ya buƙaci doguwar tazara. Tun da wasan yana da ɓangaren da ake ɗaukar kaya ana kaiwa ana samun kuɗi, irin wannan mota tana da aikin yi tun ranar farko. Ina kuma son a yi tsohuwa wadda ta sha hanya, mai ƙofa ɗaya da launinta ya saɓa da sauran, shakazoba ya mutu, inji ya rage ƙarfi, domin yawancin motocin shekarun 1990 da suka rage a kan hanya a wannan hali suke. LX mai V6 kuwa ba ta buƙatar dogon tunani, a ba ta kujerun fata da giyar otomatik, kuma zan yi murna idan aka sa mata waifa biyu a baya.

Ƙanena ya leƙo ya ce shi mai ƙofa biyu yake so, da turbo da fiffike a baya. Ban ƙi ba, kuma na yarda dogayen ƙofofi da ginshiƙin tsakiya da aka matsar baya za su sauya yadda take karɓar bugu daga gefe, amma wasan ya riga ya ƙoshi da irin waɗannan motoci, ga ETK K-Series ga Hirochi SBR4. A-kori-kura ma na cire ta daga lissafi, domin jikin Pessima shi ne ginshiƙinta, idan aka yanke rufin baya babu abin da zai riƙe lodi sai an sake gina rabin motar.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce wagon mai tsayi daga ƙasa da ke ja da tayoyi huɗu, irin salon da Subaru ta fito da shi a Legacy Outback a 1994. Tsohuwar Pessima ta 1988 tana da GTz mai turbo da jan tayoyi huɗu, don haka ana iya cewa kamfanin Ibishu na cikin labarin wasan ya san wannan fasaha. Sai dai ƙasan ta 1996 zai buƙaci hanyar da sandar da ke kai ƙarfi baya za ta bi, da wurin zaman difarenshal, kuma tankin mai dole ya sauya siffa ya ba su wuri. Ina ganin a fara da masu jan gaba, wannan ta biyo baya idan an ga karɓuwarsu.

Bayan isha'i na koma kan ta haya, domin akwai abin da ban warware ba: idan kujera ta uku ta naɗe cikin daɓen but, sifiya, wato tayar ajiya, ta rasa mazauni. Ko dai a tsayar da ita a gefe cikin but ta cinye wurin kaya, ko a rataye ta a ƙarƙashin mota daga waje. Na zaɓi ta biyun, ko da yake za ta rage tazarar da ke tsakanin motar da ƙasa, kuma idan an yi lodi ita ce za ta fara gogar dutse a hanyoyin taswirar Jungle Rock Island ta cikin wasan. Gobe, in Allah ya kai mu, zan sauke bayan salun ɗin daidai gwargwadon kaurin taya guda in bi waɗannan hanyoyi da ita, in ga wuraren da za ta taɓa ƙasa.