Tankar T-34 da nake haɗawa da kwali

Yau mako bakwai ke nan ina kan tankar yaƙi guda ɗaya. T-34 ce ta Tarayyar Sobiyet, mai igwa mai faɗin baki milimita 76, kuma da takarda mai kauri da farin gam na kafintoci nake haɗa ta. Ma'aunin 1:25 na bi, wato santimita ɗaya a wajena yana madadin santimita 25 a jikin ta gaske. Tankar da faɗinta ya kai mita 3 sai ga ta ta dawo santimita 12, ta zauna daram a kan teburi kusa da rediyo.

Muna yara motar kara muke yi: mu ɓare bayan karan dawa mu soka a totuwarsa, mu yanko taya daga tsohon silifas. Da na girma na tarar akwai ƙasashen da manya suka riƙi irin wannan aiki da gaske. Mutanen Poland sun yi nisa a ciki, suna da mujallar Mały Modelarz da ta fara fitowa tun 1957, shafukanta zanen sassan jiragen sama da na ruwa da motocin yaƙi ne, sai dai ka yanka ka manna. Ni a intanet na samo zanen tawa, na kai shagon kwamfuta aka buga mini a takarda mai kauri.

Kayan aikin ba su da yawa. Reza sabuwa, rula ta ƙarfe, tsinken sakace na ɗibar gam, da biro wanda tawadarsa ta ƙare. Da biron nake bin layi kafin in lanƙwasa, don takardar ta karye daidai inda ake so. Bututun igwa kuwa a jikin tsinken tsire na naɗe shi. Duk gefen da reza ta bi yakan fito fari fat, sai na bi shi da koren fensir, in ba haka ba tun daga bakin ƙofa za ka gane takarda ce.

Allon gaba shi ya fi ba ni wuya. Cikin hunturu na fara manna shi, na zabga masa gam, kafin gari ya waye ya bushe ya kantare kamar ganda. Na ɓamɓare shi, na sake bugo wani, na yi masa ƙarfi da kwali daga ciki, na danne shi da littattafai kwana biyu. Ina cikin gwada shi a mazauninsa ɗana ya leƙo ya ce, "Baba, me ya sa gabanta ya kwanta? Ba ka miƙe shi ba."

Na ce masa haka aka ƙera ta. Ƙarfen gaban T-34 kaurinsa milimita 45 ne, amma an kishingiɗar da shi digiri 60 daga tsaye. Harsashin da ya taho kai tsaye sai ya ratsa kusan milimita 90 kafin ya shiga, sau da yawa ma ya goce ya yi sama. Na ɗauko guntun kwali na tsayar, na kishingiɗar, na sa masa tsinke ya gwada hudawa. Ni kaina na daɗe da karanta wannan bayani, amma sai da na riƙe allon da yatsuna ya zauna mini a kai.

Wanda ya jagoranci ƙera ta, Mikhail Koshkin, bai ga yaƙin da ta yi suna a cikinsa ba, wato Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Maris na 1940 ya bi tankokin gwaji daga birnin Kharkiv na Ukraine har Mosko cikin tsananin sanyi, ya kamu da ciwon huhu, ya rasu a Satumban shekarar yana da shekara 41. Jamus ba ta auka wa Sobiyet ba sai Yunin 1941.

Ranar da na manna kujerun ciki jikina ya yi sanyi. Mutum huɗu ne ke zama a wannan ɗan akurki, ga harsasai jibge a ƙarƙashin ƙafafunsu, ga injin dizal yana ruri a bayansu, direba kuma ƙofarsa a jikin allon gaban nan take, inda wuta ta fi sauka. 'Ya'yan wasu ne, da yawansu a ciki suka ƙone. Na ajiye tsinken gam, ban ƙara taɓa komai ba a daren.

Yanzu saura sarƙar ƙafa. Tayoyi biyar-biyar na kowane gefe sun zauna, amma sarƙar gaɓa-gaɓa ce, sama da 70 a gefe ɗaya, wata mai haƙori wata babu, bi da bi, kuma kowace sai an yanka ta ita kaɗai. Bayan sallar isha'i nake yin goma, in ido ya fara yaji in tashi. Gefen dama ya kammala. Na hagu na kai 31, kuma so nake in gama kafin damina ta sauka, don da zarar iska ta ɗauki laima takardar takan yi laushi, reza ta riƙa jan ta maimakon ta yanke.