Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Goggo ba ta zuba sitaci

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin yau zan shiga maganar aurena, amma ku yi mini haƙuri. An sake tayar da zancen nan na matar Kawu, wai sitaci Goggo take zubawa, shi ya sa cokali yake tsayawa a yogot ɗinta. Goggo ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ba ta da bakin kare kanta. Don haka zan zayyana yadda take yi tun daga tukunya, kowa ya gwada ya gani.

Kaurin yogot a kan wuta yake farawa. Za a ɗora lita ɗaya ta madara a tukunya mai kaurin gindi, ana juyawa kada ta kama, har zafinta ya kai digiri 85 a ma'aunin Selsiyus. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya lura da ƙananan kumfa a gefen tukunya da tururi yana tashi, amma ba ta kai ga tafasa ba. Sai a rage wuta a riƙe ta a haka minti 15 zuwa 20. Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Wannan zafin shi ke warware wani sashe na furotin ɗin madara, ya manne da sauran, su riƙe ruwa a tsakaninsu idan ta kama. Madarar da aka ɗumama kawai aka sauke, tsararo za ta ba ka.

Idan madarar gari ce, giram 150 na mai maiƙo a lita ɗaya ta ruwa, a dama da ruwan ɗumi kaɗan tukuna don kada ta yi gudaji. Idan kuma ɗanya ce, Goggo takan ƙara mata babban cokali 3 na madarar gari kafin ta hau wuta. Wannan farin garin ne matar Kawu ta hango daga bakin ƙofa ta fita da shi duniya. Da ta tambaya, ai da an nuna mata gwangwanin. Daga baya na san akwai gwaji mai sauƙi: a ɗebo cokali ɗaya a faranti, a ɗiga masa aidin. In da sitaci, nan take zai koma shuɗi mai duhu, in babu, ba zai yi shuɗi ba. A zubar da wanda aka gwada, ba a shansa. Har yau ina jin ciwon rashin sanin wannan tun Goggo tana raye.

Bayan an sauke, a tsoma gindin tukunyar a ruwan sanyi har zafin ya sauko digiri 43 zuwa 45. Wankakken ƙaramin yatsa zai iya zama a ciki daƙiƙa 10 ba tare da ka fizge shi ba. A kwashe yanar da ta taru a sama. Sai iri: babban cokali 2 na yogot marar sukari, wanda ƙananan ƙwayoyin halittar da ke mayar da madara yogot suke da rai a cikinsa. A dama shi da ludayi ɗaya na madarar har ya yi sumul, sannan a juye a tukunya a gauraya a hankali. In madara ta haura digiri 50 sosai, ƙwayoyin za su fara mutuwa. In aka cika iri kuma, ba kauri yake ƙarawa ba, tsami da tsakitsaki yake kawowa.

Ƙwayoyin nan iri biyu ne, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus. Na biyun wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano shi a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan a 1905. Sukarin madara suke ci su mayar da shi tsami, tsamin kuma ya sa furotin ya daskare. Goggo ba ta taɓa jin sunayensu ba, amma ta san halinsu. Kullum cewa take, "Madara in ta kwanta barci, ba a tashinta."

A juye a mazubi da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a rufe, a sa a kula tare da kwalbar ruwan ɗumi, ko a naɗe da bargo mai kauri. Awa 6 zuwa 8 ba buɗewa, ba girgizawa, ba canja wuri. Duk motsi yana yanke abin da ya fara haɗuwa, ruwa ya tsattsafo sama. Yaya takan so ta leƙa, Goggo ta ce, "Ke, ba a tashinta." Ko da lokaci ya yi, karkata mazubin kaɗan za a yi. In ya motsa gaba ɗaya bai zubo ba, ya kama. Daga nan firij, aƙalla awa 4, kafin cokali ya taɓa shi, domin a sanyi yake ƙarasa tauri. Sukari da ƙamshi sai bayan nan.

Yogot mai yauƙi, galibi ɗumin ne ya sauka da wuri, ko irin ya gurɓace. Ruwan rawaya mai yawa a sama da tsami mai kama haƙori, an bar shi ya wuce lokaci ko zafin kula ya yi yawa. Wanda ya ƙi kamawa sam, a tuhumi iri, musamman na kanti wanda aka sake dafawa don ya daɗe, ko madarar saniyar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta. In ya yi ja-ja, ko kore, ko wari, a zubar duka.

Kafin kowa ya sha, a ɗebi cokali 2 a ƙaramin mazubi mai murfi, irin gaba ke nan, a yi amfani da shi cikin mako guda. Bayan zagaye 4 ko 5 ƙarfinsa kan ragu, sai a sabunta. Mai son kauri fiye da haka ya shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ya juye, ya bar shi a firij awa 2 zuwa 3 ruwan ya tsiyaye. Wannan tataccen shi Goggo ta aika wa matar Kawu a kwanon gilashi ranar da ta fara maganar sitaci. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zancen aure.