Labarin da aka gama fostin ɗinsa a gurup bai zama littafi ba tukuna

'Yan uwa marubuta, musamman mu masu taifin a waya muna sakewa feji-feji a WhatsApp ko Wattpad, akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai. Ranar da kika rubuta "tammat bi hamdillah" masu karatu suka cika gurup da addu'a da jinjina, wallahi ranar ce aikin ya fara, don abin da ke hannunki zubin farko ne, kuma zubin farko na wanda ya rubuta kullum da daddare ana jiran sa da safe ya fi kowanne buƙatar gyara.

Dalili kuwa a fili yake. In kina fostin kullum dole feji ya cika, ko da abin faɗa ko babu, to sai a cika shi da abin da ya sawwaƙa. Jaruma ta tashi ta yi wanka, ta shafa mai, ta ɗauko atamfa riga da siket, ta fesa turare kala uku ta bi da humra, ta sauko ƙasa ta gaida Hajiya, aka jera abinci a tebur aka lissafo mana su ɗaya bayan ɗaya har da kalar kofin shayi, duk wannan kafin wayar da za ta juya rayuwarta ta yi ƙara. A gurup ba mai damuwa saboda jiya aka karanta na jiya, yau na yau. Amma ki haɗa feji tamanin waje guda ki karanta a jere, za ki ga wankan nan ya dawo a kusan kowane babi. Wayar ita ce labarin. Ki fara babin daga ƙarar wayar, kwalliyar kuma ki bar ta wuri ɗaya tak inda take da aiki, misali ranar da za ta fara haɗa ido da kishiyarta, nan kam kowane ɗankunne magana yake.

Shi ya sa ni ban yarda a fara gyara daga ƙa'idojin rubutu ba. Mutane da yawa in an ce tace littafi tunaninsu raba "yace" ya koma "ya ce" da sa lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ. Wannan wajibi ne, ba na raina shi ko kaɗan, amma shi ne na ƙarshe, ba a shafe gini da fenti alhali ana shirin rushe bango ɗaya. Wace riba kika ci in kin kwana kina gyara waƙafi a babin da gobe za ki cire gaba ɗayansa?

Abin da nake yi, kuma nake ba duk wadda ta turo min nata shawara, shi ne a ajiye labarin a manta da shi na ɗan lokaci har zafinsa ya huce. Sannan a fitar da shi daga waya, in da hali a kai shago a buga a takarda, don ido yana tsallake abu a waya fiye da kima. Sai a samu littafin rubutu na daban, kowane babi a ba shi layi ɗaya: me ya canja a nan? In kin rasa amsa, babin nan na da matsala komai daɗin hirar da ke ciki.

A littafin nan dai za ki zana dangantaka da lokaci, kuma nan ne na fi ganin ɓarna. Na karanta zubin wata baiwar Allah mai alƙalami sosai, amma matar da aka gabatar mana ƙanwar uba ce ana ce mata Gwaggo, can gaba sai ga ta ta koma dangin uwa tana rigima a kan gadon da ba ta da alaƙa da shi. Amarya kuma an gane tana da ƙaramin ciki cikin azumi, sai ga suna ana gobe babbar salla, alhali tsakanin sallolin nan biyu wata biyu ne da kwana goma. Mai karatu Bahaushe ba ya yafe irin wannan, ya san waye dangin uwa waye dangin uba, ya san hazo ba ya haɗuwa da ruwan Agusta, da zarar ya kama ki sau ɗaya shikenan ya daina yarda da hawayen jarumarki ma.

Sai baki. Kowa a labarin yana magana da bakin marubuciya, tsohuwar da aka ce daga ƙauyen Sakkwato ta zo da ɗan bokon Abuja da direban da ya taso a Damagaram duk Kananci ɗaya. Ba sai kin cika shafi da karin harshe ba, kaɗan ya isa, amma ki rufe sunayen da hannu ki karanta hirar, in ba ki gane mai magana ba to akwai sauran aiki. Kuma ki karanta da ƙarfi, da baki. Littattafanmu ai da yawa ta kunne suke isa ga jama'a, a rediyo da YouTube, duk jimlar da numfashinki ya yanke a tsakiyarta ko harshenki ya harɗe, mai karantawa a rediyo ma nan zai yi tuntuɓe.

Wannan fa ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Ƙagaggun labaran farko na boko daga gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya suka fito, kuma sai da suka bi ta hannun edita, Rupert East, kafin a buga su. Da marubutan Kano suka fara buga nasu da kuɗinsu a shekarun 1980 aka samu 'yanci da kasuwa mai faɗi, amma kujerar edita ta zama babu kowa a kai, har yau kuma ba ta cika ba. Ko gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, iyakar kalmomin da take sawa ta koya wa mata da yawa yanka abin da suke so, duk wadda ta taɓa matse labarinta don ya shiga ta san yadda yake ƙara ƙarfi.

Yankan akwai ciwo, na sani, wani fejin da hawaye aka rubuta shi. Kar ki goge, ki buɗe wani fayil ki riƙa zuba duk abin da kika cire, ki kuma ajiye tsohon zubin yadda yake. In kin gama zagayen ki ba mutum biyu waɗanda ba sa gurup ɗinki, ba su san labarin ba kuma ba sa jin kunyarki. Kar ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ki ce su sa miki alama a daidai inda suka ajiye shi suka tashi yin wani abu, da inda suka koma baya don sun rikice waye wane. Daga wuraren nan za ki fara zagaye na biyu.