Dangin Ƙuduji a Hamadar Texas

Tun asuba muka bar garin Marathon a kudu maso yammacin Texas, ni da wani yayana a karatu, mun nufi gandun dajin Big Bend da ke bakin kogin Rio Grande, iyakar Amurka da Meziko. A watan Afrilu ne, muna hutu. Tafiyar kusan mil 70 ce zuwa Panther Junction inda ofishin gandun yake, kuma ba abin da ake gani a hanya sai tsakuwa da ƙaya da sarari iya ganinka. Mun cika jarkoki da ruwa, muka ci gaba zuwa duwatsun Chisos.

Shi ya fara hangowa. Ya taka birki ya ce, "Ƙanina, sauko ka ga abin da ya kawo mu."

A gefen wani tudu mai farar tsakuwa, inda ko akuya za ta yi tunani kafin ta hau, ga wani ɗan tsiro da bai kai gwiwata ba, kansa ja jawur kamar an tsoma buroshi cikin fenti. Daga nan mutanen wurin suka samo sunansa, buroshin fenti. Irinsa sun kai kusan 200, amma wannan shi ne Castilleja lanata, wato mai ulu. Na tsuguna na shafa karan. Farin gashi ne ya lulluɓe shi da siraran ganyensa, laushi kamar audugar rimi, har koren ya koma ruwan toka. Gashin nan shi ke rage masa zafin rana da bushewar iska, kuma da shi ake bambanta shi da 'yan uwansa masu koren ganye.

Na ce furen ya yi kyau, sai Yaya ya yi dariya. Ashe jan nan ba fure ba ne, ganye ne da ya rine. Ya ɗaga ɗaya da farce, sai ga ainihin furen a ɓoye, ɗan siririn bututu kore-kore mai baki kamar na tsuntsu. Ƙananan tsuntsaye masu dogon baki, waɗanda ke tsayawa cak a iska, su jan yake kira su zo shan zaƙi.

"To dubi maƙwabtansa," in ji shi. Na duba. Ko'ina ka gan shi akwai ciyawa ko wani ƙaramin kurmi dab da shi. Yana da koren da yake haɗa abincinsa, amma a ƙarƙashin ƙasa saiwarsa tana laluben ta maƙwabci, ta manne, ta riƙa zuƙe ruwa da sinadarai. Da ya ambaci sunan danginsa, Orobanchaceae, sai gabana ya faɗi. Dangin ƙuduji ke nan! Wuta-wutan da ke ƙone mana dawa da gero, wanda tun ina yaro Baba ke tashinmu mu tuge kafin ya zubar da iri, don irinsa kan yi shekara goma da ɗoriya a ƙasa yana jiran shuka. Ga ɗan uwansa nan ana ɗaukarsa hoto, har jihar Wyoming ta zaɓi wani irinsa ya zama furenta tun 1917. Gaskiya dai akwai bambanci: ƙuduji ba ya ma tsirowa sai ya ji alamar saiwar hatsi kusa, shi kuwa wannan yana tsirowa da kansa, kuma ɗan sata yake yi, ba kisa ba.

Raina ya biya in tono ɗaya. Yaya ya hana, doka ta haramta cire ko da ganye a gandun, kuma in ka raba shi da saiwar da ya kama, mutuwa yake yi. Mun kwana biyu muna yawo, rana ta gasa mu, dare ya yi sanyi.

Da muka koma na sayi irin wani ɗan uwansa wurin masu sayar da irin furannin daji. Ƙanana ne ƙwarai, atishawa ɗaya ta isa ta watsar da su. Na naɗe su cikin jiƙaƙƙen yashi na sa a firji wata guda, don sai sun ji sanyi suke farkawa, sannan na barbaɗa a saman ƙasa mai tsakuwa ba tare da na binne ba. Tukunya biyu na yi. Ɗaya na bar shi shi kaɗai, da taurin kaina, ya tsiro ya tsaya tsamurmuri, ya bushe. Ɗayar na haɗa shi da wata gajeriyar ciyawar makiyaya da ake kira blue grama, na kuma rage ban ruwa. Yana nan da ransa, ko da yake bai yi ja ba tukuna.

Na tura wa Baba hoton ta WhatsApp tare da bayani. Da yamma saƙon muryarsa ya shigo: "Kai yanzu dangin ƙuduji kake shukawa a tukunya, har da ba shi ciyawa? To Allah ya kyauta. Kada dai ka taho mana da irin."