Gonar Manomi, Takardar Gwamna da Masu Zuba Jari

Duk lokacin da aka taso da zancen bunƙasa noma a Arewa, akwai maganar da ba a rasa ji daga bakin jami'ai da masana, wato matsalar manomi ita ce rashin takardar mallaka, kuma da zarar ya same ta zai kai banki ya karɓi rance, ya sayi taki da injin ban ruwa, ya yi ban kwana da talauci. Wanda ya fi yaɗa wannan ra'ayi a duniya shi ne Hernando de Soto, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Peru, wanda a 2000 ya fitar da littafi yana cewa talakawan ƙasashe masu tasowa suna zaune a kan filaye da gidaje da darajarsu ta kai dala tiriliyan 9.3, amma dukiya ce kwance, tunda babu takardar da za ta sa banki ya karɓe ta jingina. Gwamnatoci da hukumomin ba da lamuni sun rungumi maganar, an kashe kuɗi masu yawa wajen auna filaye da buga takardu, sannan masu bincike suka bi sawu don su ga abin da ya biyo baya. Abin da suka gano ya sa na yi imani cewa takarda tana da amfani ƙwarai, sai dai amfaninta yana wani wuri dabam da inda ake yawan nuna mana.

Kafin a kai ga binciken, ya kamata a tuna cewa kasuwar gona a ƙasar Hausa ta girmi kowace ma'aikatar ƙasa da safiyo. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 tana nazarin tattalin arzikin ƙauyen, ta tarar ana saye da sayar da gonaki a fili, ana jingina, ana aro, ana gado, kuma ta lura cewa mafi yawan masu sayarwa matalauta ne da bukata ta matsa wa, masu saye kuwa manyan manoma ne masu rumbu cike. Har yau haka abin yake tafiya. In za a sayar da gona, mai ita da mai saye da maƙwabtan iyaka sukan zagaya ta da ƙafa, a nuna layin gamba ko aguwar da ta raba ta da ta wani, a faɗi ko itacen ɗorawa da tsamiyar da ke ciki suna cikin ciniki, a yi sallama a gaban shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa, sannan a rubuta yarjejeniya, sau da yawa a fallen takardar littafin makaranta, a kai wa mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi. Jingina kuwa ta fi yawa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ko kuma in rashin lafiya ko aurar da 'ya ya taso. Wanda ya ba da kuɗi shi zai ci gaba da noma gonar har ranar da aka fanshe ta, ko da za a shekara goma. Wannan tsari yana da nasa zalunci, musamman ga mata da marayu da ake danne wa rabon gado, amma yana aiki, kuma kowa a garin ya san gonar wane ce daga ina zuwa ina.

Da masu bincike suka duba wuraren da aka raba takardun mallaka, rancen banki shi ne abin da ya fi ba su kunya. A Peru ɗin kanta, inda aka ba wa gidaje sama da miliyan ɗaya takardu a unguwannin talakawa, Erica Field ta gano cewa mutane sun ƙara fita neman aiki, domin ba sai an bar wani a gida yana gadin fili ba, amma bankunan 'yan kasuwa ba su ƙara ba su rance yadda aka zata ba. A wata unguwa da ke gefen Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, Sebastian Galiani da Ernesto Schargrodsky sun tarar waɗanda suka sami takarda sun gyara gidajensu kuma 'ya'yansu sun fi daɗewa a makaranta, amma bambancin samun rance kaɗan ne. A yankin noman shinkafa na tafkin Alaotra a Madagaska, Hanan Jacoby da Bart Minten ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin gona mai takarda da marar ita. Dalilin bai da wuyar fahimta ga wanda ya san ƙauye. Banki yana karɓar jingina ne don ya sayar in an kasa biya, kuma babu manajan da yake sha'awar ƙwace eka biyu a garin da babu wanda zai yarda ya sayi gonar maƙwabcinsa daga hannun banki, balle a ce kuɗin lauya da na kotu sun fi kuɗin gonar. A wajenmu akwai ƙarin dalili, domin manoma da yawa ba za su kusanci bashi mai ruwa ba ko da an kawo musu shi har ƙofar gida.

Inda binciken ya nuna tasiri mai ƙarfi shi ne wajen kwanciyar hankali. Markus Goldstein da Christopher Udry sun yi nazari a yankin Akwapim na Ghana, suka buga sakamakonsa a 2008, inda suka gano cewa masu sarauta da masu faɗa a ji sukan bar gonarsu ta huta tsawon lokaci har ƙasa ta farfaɗo, su sami amfani mai yawa, alhali mata da marasa galihu ba sa iya yin haka, domin gonar da aka bari saura ana iya karɓe ta a ba wani. Tsoron ƙwace shi ne yake rage musu amfanin gona. A Habasha, inda aka fara daga yankin Tigray a 1998, an ba wa manoma shaidar riƙe gonaki kusan miliyan 20 a kan kuɗin da bai wuce kimanin dala ɗaya ga kowace gona ba, ta hanyar zaɓen kwamiti a ƙauye da zagaya iyaka a gaban maƙwabta, kuma bincike ya nuna manoma sun ƙara yin aikin tare zaizayar ƙasa, mata masu riƙe da gida kuma sun ƙara samun ƙarfin gwiwar ba da gonarsu haya. An ga makamancin haka a Ruwanda. A duk waɗannan wurare, abin da takarda ta yi shi ne ta cire wa manomi fargabar cewa wahalarsa ta bana wani ne zai ci moriyarta baɗi.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Maraɗi da Damagaram. A da, dokar gandun daji ta Nijar ta sa manomi yana kallon itacen da ke gonarsa a matsayin na hukuma, wanda zai iya jawo masa tara, don haka yana sassabe shi tun yana toho. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka fara sassauta wannan riƙo kuma manoma suka tabbata gawon da suka kula da shi nasu ne, sai suka shiga barin kututture yana tsiro suna gyara rassansa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. A 1993 kuma Nijar ta kafa dokar tsarin karkara wadda ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye don rubuta ciniki da jingina da aro. Kwamitocin suna fama da rashin kuɗi, rikicin manoma da makiyaya bai ƙare ba, amma aƙalla doka ta san da abin da jama'a suke yi.

A Najeriya lamarin ya sha bamban, kuma a nan ne nake ganin ake kauce wa tushen matsalar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma tsarin ba baƙo ba ne a Arewa, domin ya samo asali daga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1910 da dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962. Abin da mutum yake da shi a ƙarƙashinta izinin zama ne. Sashe na 22 ya ce mai takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, kuma a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba banza ce. Sashe na 36 kuwa ya hana yanka ko miƙa wa wani gonar karkara da mutum yake riƙe da ita tun kafin dokar, har ya tanadi tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Wato cinikin gonar da ake yi kullum a gaban dagaci, in aka bi harafin doka, ba shi da tsayuwa. Shi ya sa a gefen Kano da sauran birane kowa ya san bambancin farashin awon gwamnati da awon igiya, kuma wanda ya gina a awon igiya yana kwana da shirin ranar da zai ga jan fenti a bangonsa.

Mafi nauyi a ganina su ne sashe na 28 da na 29. Na farkon ya ba gwamna ikon soke izinin zama saboda maslahar jama'a, na biyun kuma ya taƙaita diyya ga abin da aka gina ko aka shuka, ban da darajar ƙasar kanta. Manomin gero da aka karɓe wa gona da rani, bayan ya kwashe amfaninsa, abin da za a ƙirga masa shi ne itatuwa da ɗan abin da ya saura, alhali abin da ya rasa shi ne abincin gidansa na kowace shekara da gadon 'ya'yansa. Mutanen Bakolori sun ga ƙarshen irin wannan lissafi a Afrilun 1980, lokacin da manoman da aikin madatsar ruwa ya raba da gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, aka tura musu 'yan sanda, aka kashe mutane da dama.

Wannan shi ne ya haɗa zancen da jarin waje. Bayan tashin farashin abinci na 2008, kamfanoni da gwamnatocin ƙasashen waje sun yi rububin neman ƙasar noma. Rahoton Bankin Duniya na 2011 ya tattaro labarin yarjejeniyoyin da suka kai kimanin hekta miliyan 56 cikin ƙasa da shekara ɗaya, mafi yawansu a Afirka, kuma ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai aka fara noma a kansu. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne masu neman ƙasar sun fi karkata zuwa ƙasashen da haƙƙin manoman karkara yake da rauni a doka. A Madagaska, yarjejeniyar ba wa kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu hekta miliyan 1.3 tana cikin abubuwan da suka harzuƙa jama'a kafin faɗuwar gwamnati a 2009, kuma sabuwar gwamnati ta soke ta. A nan gida, ƙorafin manoman yankin Gagarawa a Jigawa kan gonakin da aka ware wa wani kamfani don noman rake ya taso ne daga wannan tushe, wato yarjejeniya tsakanin kamfani da gwamnati a kan ƙasar da wasu suke ci daga gare ta.

Ba na cikin masu ƙyamar jarin waje. Arewa tana bukatar masana'antar sukari da ta sarrafa tumatir da shinkafa, tana bukatar wanda zai kawo injina da kasuwa, kuma tsarin da kamfani yake ba wa ƙananan manoma iri da taki ya sayi amfaninsu, suna nan a kan gonakinsu, ya fi dacewa da yanki mai cunkoson jama'a kamar kewayen Kano, inda babu wata ƙasa da za a kira ta wofi. Abin da ake kira daji a taswirar ofis sau da yawa makiyaya ce, ko burtali, ko saurar da aka bari ta huta, ko inda mata suke samun itacen girki da kaɗanya. Mai zuba jari na gaskiya ma yana cutuwa da wannan tsari, domin gonar da aka samu bisa fushin maƙwabta tana bukatar shinge da masu gadi, kuma takardar da gwamna ɗaya ya sa wa hannu wanda ya gaje shi yana iya soke ta.

Jihohi irin su Kano da Kaduna sun kafa hukumomin rajistar filaye na kwamfuta, kuma hakan ya rage wasu wahalhalu ga masu fuloti a birni, amma manomin da ke nesa da hedikwata ba zai biya kuɗin safiyo da zirga-zirgar da ta fi darajar amfanin gonarsa na shekara ba. Abin da binciken Habasha da tsarin Nijar suka nuna shi ne ana iya rubuta haƙƙi da araha a ƙauye, a gaban maƙwabta, a sa sunan mace a kan rabon gadonta, a shata burtali da mashaya, sannan doka ta amince da wannan rubutu kuma ta wajabta biyan darajar ƙasar kanta in za a karɓe ta. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin filaye a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma gyaran dokar bai tabbata ba. Sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya sa ba a taɓa Dokar Amfani da Ƙasa sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa, wato kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma waɗannan majalisu ba kasafai suke saɓa wa gwamnonin da ake neman rage wa iko ba.