Ƙugiyar "ƙ" a kan askirim

Asabar, bayan yara sun yi barci

Ƙafafuna ciwo suke yi, kicin kuma har yanzu ƙamshin cakulan yake, ga kwanoni shida a jiƙe suna jiran safiya. Duk wannan a kan kalma uku ne: "Sannu da ƙoƙari."

Autata ce ta fara haɗa baƙi. A makon nan ta karanta shafi guda ita kaɗai, ba wanda ya ɗora mata, tana bin layi da yatsa tana ja kamar mai hawan tsani. Na ce a raina yarinyar nan ta ci tukwici, kuma tukwicin ya zama abin da sai ta karanta kafin ta ci. Ba abin da take so kamar askirim. To, sai in rubuta mata saƙo a kansa. Da na kwanta jiya gani nake aikin minti 10 ne.

Na fara da alƙalamin nan mai tawadar da ake ci, wanda na ajiye tun wani biskit da na taɓa yi wa ado. Na ɗebo askirim dunƙule guda, na ɗora bakin alƙalamin. "S" ɗin ma ba ta ƙarasa ba. Bakin ya kwashi madara ya toshe, ɗan abin da ya fito kuma ya bazu kamar an ɗiga shuni a ruwa. Laifina ne. Alƙalamin nan busasshen wuri yake so, fuskar askirim kuwa ba ta taɓa bushewa. Sukarin da ke ciki yana hana wani kaso na ruwan daskarewa ko da a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, shi ya sa ma cokali ke iya shigarsa. Da ka fito da shi kuma, laimar da ke cikin iska ta sauka masa kamar raɓa. Rubutu a kan raɓa nake ta ƙoƙarin yi.

Dunƙulen na farko ni na shanye shi, a tsaye, da ƙarfe tara na safe. Kada wanda ya tambaye ni.

Na biyu, na narka cakulan a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, na zuba a leda, na yanke ƙurya. Nan na ga wani sabon salo. Da zafinsa, sai ya haƙa wa kansa rami ya nutse, harafin ya yi ta iyo a cikin ɗan tafkin madara. Na jira ya huce, sai ya riƙa daskarewa a bakin ledar da zarar ta taɓa sanyin, in matsa in matsa, sai ya fito gaba ɗaya ɓul. Ga dunƙulen a zagaye yake, harafi na kai gefe ya zame. Na gauraya ɗan man kwakwa, tunda shi yana ƙanƙarewa da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 24 ko kusa da haka, kuma shi ne sirrin ɓawon cakulan ɗin nan da ake kwararawa a kan askirim ya ƙame nan take. Ƙamewa kam ya ƙame. Sai dai ya yi ruwa da yawa, kafin ya tsaya "a" da "n" sun rungumi juna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne farin cakulan. Na so in yi mata rubutun da ruwan hoda, na ɗiga kalar abinci ta ruwa, ɗigo biyu kacal. Ina juyawa ya cure, ya zama wani dunƙule mai tsaki-tsaki, cokali ya tsaya a ciki ƙyam. Cakulan da ruwa ba sa ga maciji: kitse ne da busasshen sukari, ɗan ruwa na shiga sai sukarin ya jiƙe ya manne da juna. Kala mai mai a ciki ko ta gari ake sa masa. Na san wannan fa. Sauri ne kawai, shi kuwa ya haifi nawa.

A haka ƙanwata ta same ni, hannu duk cakulan, ina hararar kwano. Ta leƙa, ta yi dariyarta mai isarta, sannan ta ce, "Yaya, wa ya ce miki dole a kansa za ki rubuta? Rubuta a wani wuri, in ya ƙame ki ɗora."

Na yi shiru. Yarinyar da na goya.

Muka shimfiɗa takardar gashi, irin ta gasa kek, a kan tire. Ta rubuta jimlar da biro a wata farar takarda, manya-manya, ta tura ƙarƙashin ta gashin don in riƙa bin sawu. Ta kuma naɗe mini wata takardar gashin kamar mazurari mai tsini, ta ce ya fi leda biyayya, kuma gaskiyarta: bakinsa ba ya buɗewa in an matsa.

Sai batun narkawar. A nan na tsaya na yi abin yadda ya kamata, tunda gajeriyar hanya ta riga ta cinye mini safiya. Na narka kashi biyu cikin uku na baƙin cakulan har ya kai digiri 45, na sauke, na zuba ragowar da na yayyanka ƙanana ina juyawa har ya sauko wajen 31 zuwa 32. Wannan hawa da saukar ba iyayi ba ne. Kitsen da ke cikin cakulan yana iya daskarewa ta siga daban-daban, kuma guda ɗaya ce mai kyau, wadda ke ba shi sheƙi, ya karye ƙas, ya kuma jure har kusan digiri 34, wato sai ya shiga baki yake narkewa. Guntayen da ba a narka ba su ke koya wa sauran wannan sigar. In ba a yi haka ba, harafin zai ƙame a firij, amma kana ɗaukarsa ya narke maka a yatsa.

Rubutun kansa ya yi daɗi. Ba a jan bakin mazurarin a kan takarda kamar biro, ɗaga shi ake yi kaɗan a bar zaren cakulan ya faɗo, hannu yana yi masa jagora. Sai da na cika tire guda da shirme kafin hannuna ya gane. Na kuma lura haruffan da aka haɗe su da juna sun fi waɗanda ke tsaye ɗai-ɗai ƙwari, kowanne yana tallafe da ɗan'uwansa.

Minti 10 a firij, muka fito da su. "Sannu" ta ɗago lafiya. "Da" ma haka, har na juya ta don bayanta ya fi sheƙi, sai na ga "d" ta koma "b", na mayar da ita yadda take. Da na zo kan "ƙoƙari", ƙugiyar "ƙ" ta farko ta ce ƙas. Ta biyun ta bi ta. Na sake rubutawa, suka sake karyewa a daidai wurin, nan inda sandar ke lanƙwasa ta yi siriri.

Baban su yana wucewa ya ce, "Ki bar shi haka mana, ai kowa kokari yake rubutawa a waya."

Na ce masa a waya ne. Yarinyar nan makonni ta yi tana koyon bambancin "kafa" da "ƙafa", "bata" da "ɓata". Ranar da ta rubuta "kura" a maimakon "ƙura" yayyenta sun yi mata dariya har ta yi kuka. Ba ni ce zan miƙa mata "ƙ" mai gundulmi a ranar tukwicinta ba. Ni dai a ganina wanda ya raina ƙugiya bai taɓa zama kusa da mai koyon karatu ba.

Mafitar ta zo ne daga ragowar cakulan da ya zube a gefen tire ya ƙame fale-fale. Na ce to, allo. Muka shafa baƙin cakulan siriri a kan takarda, kafin ya gama ƙamewa na yanka shi gida-gida da wuƙa, kowanne kamar tsawon yatsa biyu. Da ya yi ƙarfi na rubuta a kai da ɗan farin cakulan da ya tsira, ba kala ba komai. Fari a kan baƙi, ƙugiyoyi a kwance, ba abin da zai karya su. Inda hannu ya kauce na gyara da tsinken sakace. Jimlar ba ta shiga allo ɗaya ba, na raba ta uku. Nan na gane dalilin da ya sa saƙon kan kayan zaƙi ba ya tsawo.

Ƙanwata ta so mu soka allunan tun da rana mu mayar firiza. Na ƙi. In suka fito daga wannan sanyin za su yi gumi, gumin ya narkar da sukarin da ke fuskarsu, ya bushe ya bar fari-fari kamar ƙura. Na rufe su a roba na ajiye a wuri mai sanyi-sanyi. Kofunan da za a zuba askirim ɗin su na sa a firiza, don su saya mana ɗan lokaci.

Bayan cin abincin dare na ɗebo dunƙule uku a kofinta, na soka allo a kan kowanne, a jere. Na ajiye a gabanta. Ta kai hannu, na ce, "A'a, Auta, karanta tukuna."

Ta sa yatsa kusa da na farkon. "Sa... san... nu." Ta ɗago ta kalle ni. Askirim ya fara sheƙi a gefe. "Da." Wannan ba ta sha wuya ba. Allo na uku ya soma karkata, yayanta yana cewa ta yi sauri zai faɗi, ƙanwata ta toshe masa baki. Ta karkatar da kanta daidai yadda allon ya karkata, ta ƙura masa ido.

"Umma, wannan mai ƙugiya ce ko?"

Na ce ita ce.

"Ƙo... ƙa... ri."

Ta zare allon, madara na bin hannunta har gwiwar hannu, ta lashe farin rubutun tas kafin ta gatsa baƙin. Sannan ta tambaye ni ko gobe za a rubuta sunanta, kuma ita za ta riƙe mazurarin.