Ƙasusuwan da Suka Zama Dutse a Kudancin Agadas

Hanyar Agadas zuwa Marandet ba ta da labari, ƙura ce kawai da jijjigar mota. Sai da muka iso gindin tsaunin Tigidit, dattijon Ba'abzinen da ke mana jagora ya tsayar da direba, ya nuna min wani kututture kwance a yashi. Na kai hannu in ɓamɓare ɓawonsa, ashe dutse ne! Zanen ɓawon na nan, har da gurbin reshe, amma ƙarti biyu ba sa iya ɗaga guntunsa. Laka ce ta binne itacen tun ƙasar tana da koguna, ruwa mai ma'adinai ya yi ta ratsa shi har ya ƙame.

Gaba kaɗan ga jerin ƙashin baya cikin jan dutse, kowace gaɓa ta kai turmi. A irin wannan dutse na yankin Ingal ne Paul Sereno, Ba'amurke masanin ƙasusuwan dabbobin zamanin da, da ayarinsa suka tono Jobariya a 1997, dainoso (irin dabbobin zamanin da da suka ƙare) mai dogon wuya, tsawonsa wajen mita 18, wanda ya rayu sama da shekara miliyan 130 da suka wuce. Na matsa kusa, dattijon ya riƙo rigata. "Ɗana, zaga ta can, kada ka taka." Da dare ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo nonon raƙumi da shayi, ya ƙi karɓar ko dala.

Shi ya sa raina ya ɓaci a Agadas, da wani saurayi ya kwance min ƙyalle cike da haƙoran da suka zama dutse, wai jaka biyar ta sefa kowanne. Ban taya ba. Haƙorin da aka cire daga mazauninsa ya rasa rabin amfaninsa, don shimfiɗar dutsen ce ke nuna shekarunsa. Kuma mu ma muna da irin wannan dukiya a Sakkwato: a duwatsun Dukamaje aka samo Goronyosaurus, dabbar teku mai sunan Goronyo, tun zamanin da teku ya rufe yankin. Ba malamin da ya taɓa faɗa mana wannan a aji.

Gadufawa, can cikin hamada, inda aka samo Nigersaurus, dainoso mai haƙora sama da 500, ba mu kai ba. Wani jami'i a shinge ya jefo mana takardunmu ta taga, ko sallamarmu bai amsa ba, ya ce babu rakiya, babu wucewa. Muka juya. A Yamai na tsaya gidan tarihi na Bubu Hama, na ga ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus, wani dainoson da aka tono a can Gadufawar.